Sunan humra daga giya ya fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai haɗa turare ce a Damaturu, humra da turaren wuta nake yi ina sayarwa. Kwanan baya a wajen wata walima wata baiwar Allah ta ce in canza wa kayana suna, wai humra daga hamru take, wato giya da Larabci, kuma bai dace Musulma ta shafa abu mai sunan giya ta yi salla ba. Wata a wurin ta ce a'a, humra ja ke nan, daga ahmar. Na dawo gida raina a jagule. Sai kuma ga 'yata ta sayo wani ƙunshin busassun furanni masu ƙamshi an rubuta potpourri a jiki, da ta duba a waya ta ce wai ma'anarsa ruɓaɓɓiyar tukunya. Malam, me ya haɗa ƙamshi da giya da ruɓa? Daga ina waɗannan sunaye suka fito?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ki bar sunan kayanki yadda yake. Matar farko ta hango wani abu na gaskiya amma ta yi masa gurguwar fahimta. Ta biyun kuwa kunne ne ya yaudare ta, kuma kusan kowane Bahaushe zai iya faɗawa ramin da ta faɗa. Da tata zan fara, don ta fi saurin warwarewa.

Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san ha ƙarami da ha mai ruwa. A allo siffarsu ɗaya, ɗigo guda ne a sama ya raba su, amma a bakin Balarabe ko kama ba su yi ba: ɗaya sumul take fitowa daga tsakiyar maƙogwaro, ɗayar kuwa da ɗan kakari. Hausa ba ta da ko ɗaya a cikinsu sai h ɗinta tilo, don haka duk abin da ta aro sai ta juye su a ƙwarya ɗaya. Hajji da halal da hukunci da hikima da ha ƙarami suka zo. Alheri da Alhamis da hatimi da hasara da hidima da huɗuba da ha mai ruwa suka zo. Yau ba mai jin bambanci a bakinmu. Ɗigon nan kuwa ba abin wasa ba ne. Mayafin da 'yan mata ke yayi yanzu, wanda suke ce wa himar, da ha mai ruwa yake. Kika share ɗigon kin koma kiran jaki, don himar mai ha ƙarami sunan jaki ne da Larabci.

To haka abin yake ga humra. Akwai humra mai ha ƙarami, ita ce jan launi, 'yar'uwar ahmar, irin jan nan da ke saura a sama bayan faɗuwar rana, wanda in ya ɓace aka ce lisha ta shiga. Wadda kike haɗawa ba ita ba ce. Mutanen Sudan da Cadi, waɗanda a hannunsu muka gan ta, da ɗigo suke rubuta ta, da kakarin nan suke furta ta, shi ya sa za ki ga wasu masu sayarwa na rubuta khumra a jikin kwalba. Ke ma kina da hujja a kan teburinki: ga farar humra, ga baƙa. Da sunan launi ne, da duk wadda ta ce a ba ta farar humra farin ja ta tambaya.

Saura maganar giya. Gaskiya ne, khamr da khumra saiwarsu ɗaya, wannan ba a musa shi. Kalmomin Larabci yawanci a kan baƙaƙe uku ake gina su, a riƙa sauya wasulla da ƙare-ƙare ma'ana tana yin rassa, kuma waɗannan biyun duk a kan ha mai ruwa da mim da ra suke zaune. Abin tambaya shi ne, me saiwar take nufi tun kafin ta yi rassa? Ibn Faris, malamin lugga da ya rasu wajen shekara ta 395 bayan hijira, ƙamus sukutum ya yi don wannan aiki, Maƙayisul Lugga, yana bin saiwa ɗaya bayan ɗaya yana tono ma'anar da ta haɗa 'ya'yanta. Da ya iso kan wannan sai ya ce asali ɗaya ne, yana nuni ga rufewa da cuɗanya a cikin sutura. Da za a ce in bayyana sana'arki da kalma biyu, ba abin da zan ƙara a kan nasa: a cakuɗa, a rufe.

Daga nan sai ki ga gidan cike da 'ya'ya. Khimar mayafi ne saboda yana rufe kai, kuma jam'insa, khumur, shi ne ya zo a aya ta 31 ta Suratun Nur, inda aka umarci mata muminai su saukar da mayafansu a kan ƙirazansu. A hadisin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarnin a rufe ƙore da tukwane da dare a ɗaure bakin salka, kalmar da ta zo ita ce khammiru. Khamira shi ne yisti, ko tsohon ƙullun da ake ragewa a zuba cikin sabo a rufe ya kwana ya tashi. Ita kanta giyar, Sayyidina Umar ya faɗi dalilin sunanta a kan mumbari, ya ce khamr shi ne abin da ya lulluɓe hankali. Ashe ke nan giya ba ita ce uwa a gidan ba. Ita ma 'ya ce, daga rufewa ta sami suna kamar yadda mayafi ya samu. Humra ba 'yar giya ba ce, uba ɗaya kawai suka haɗa, kuma in za a kori kowa daga gidan saboda laifinta, sai dai a haɗa da mayafin da ita mai maganar ta yafa ta zo walimar.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Kalmar khumra ɗin kanta, da baƙaƙenta da wasullanta, ba ragi ba ƙari, tana cikin Bukhari da Muslim, kuma ma'anarta a can 'yar ƙaramar tabarma ce ta kabar dabino, daidai wadda za ta ɗauki fuska da tafukan mai sujada. Nana Maimuna ta ce Annabi ya kasance yana salla a kan khumra. Ya kuma taɓa ce wa Nana A'isha ta miƙo masa khumra daga masallaci, ta ce tana haila, ya ce mata hailarta ba a hannunta take ba. Masu sharhi sun ce an kira tabarmar haka ne don tana kare fuska daga ƙasa. Wadda ta ce ba a salla da abu mai wannan suna, ga wanda mafificin halitta ya ɗora goshinsa a kai.

Ma'anar ƙamshin ma ba jiya aka ƙago ta ba. Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311 na miladiyya, ya kawo a Lisanul Arab cewa khumra ita ce warsi da wasu kayan ƙamshi da mace ke shafawa a fuska don launinta ya yi kyau (warsi wani tsiro ne na Yaman mai ba da rawayan rini), ya kuma kawo cewa ƙamshin turare kansa ana ce masa khumra. Wato shekara 700 da suka wuce an riga an san kalmar da haɗin ƙamshin mata. Su kuma matan Sudan, in kika tambaye su, cewa za su yi sunan daga takhmir ne, barin abu a rufe har ya nuna. Bayanin biyu ba sa karo, daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa.

Mu muna da kalmar da ta fi kowace dacewa da wannan aiki, ita ce tsima. Da a Kano aka ƙago humra, da wataƙila tsimin ƙamshi za a sa mata. Na fi son tsima don tana raba gardama. Giya sai da zaƙi: yisti ya cinye sukarin da ke cikin dawa ko inabi ya mai da shi abin maye. A kwalbar humra babu sukarin da za a ci, babu abin da ke rikiɗa ya zama barasa. Abin da ke faruwa shi ne mai da ruwan turare suna tsotse ƙamshin itace da na kayan daka a hankali, kamar yadda ruwa ke tsotse ɗacin sassaƙe a tulun tsimi.

Na ga wannan kusa da kusa lokacin da na yi zama a Maiduguri. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce 'yar Shuwa, kuma ranar da take gyaran farce, wato farcen turaren nan da ake samowa daga teku, kowa a layin sai ya sani, ba don daɗi ba. Za ta jiƙa shi kwana da kwanaki, sannan ta zauna a kujera 'yar tsugune da ƙaramar wuƙa tana kankare ragowar naman da ke manne a bayansa, ɗaya bayan ɗaya, ruwan yana tashin ƙarni irin na kasuwar kifi. Ta wanke, ta sake wankewa, ta shanya, ta soya a kasko har ya yi ƙaras-ƙaras, gida ya ɗauki ƙauri kamar an ƙona ƙaho, yara suna toshe hanci suna dariya. Bayan an daka sai ta haɗa da garin sandal da mahlab (ƙwayar wani itace mai ƙamshi) da kanumfari, ta kwaɓa, ta turara kwaɓin a kan garwashi, ta ɗura a babbar kwalba, ta bi da ruwan turare, ta toshe, ta naɗe da tsohon zane ta tura can ƙarƙashin gado. Lokaci-lokaci ta jawo ta girgiza ta mayar. Jikarta da ake yi wa haɗin don aure ta matsa a buɗe bayan mako guda, tsohuwar ta ce mata, "Bar ta, ba ta yi hankali ba tukuna." Ranar da aka buɗe, bayan wajen kwana arba'in, na yi ta shinshina in gano farcen nan da ya hana mu sakat, ban same shi ba. Ban sami kanumfari shi kaɗai ba, ban sami sandal shi kaɗai ba. Amma farcen yana nan, shi ne ke riƙe ƙamshin a jikin zane har bayan wanki.

Hanyar da kalmar ta biyo ta iso mu ba ɓoyayya ba ce, abokan tafiyarta sun tona ta. Tare da dilka da dukhan da halawa ta zo, kayan gyaran amarya na Sudan gaba ɗayansu. Dilka daga dalaka take, murzawa. Dukhan hayaƙi ne kawai, ramin da mace ke zama a kai a lulluɓe da bargo ana turara ta da itacen talha, wanda mu muke kira dumshe. Halawa zaƙi ce, don da sukari da lemon tsami ake dafa ta. A Sudan akwai rana guda cikin hidimar biki da suke kira dakan ƙamshi, mata su taru da turame ana waƙa ana daka sandal da mahlab da farcen amarya, kuma a al'adarsu humra ta matar aure ce, budurwa ba ta shafawa. Hanyar kuwa tsohuwar hanyar alhazai ce ta ƙasa: daga Kano a bi Borno, a ƙetare zuwa Fort Lamy da yau ake kira Injamena, a wuce Abeche da Al-Junaina da Al-Fashir da Al-Ubayyid, har bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan. Mutane kan yi shekaru a hanyar nan suna noma suna aure, wasu ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a zuwa Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu har yau Mai Wurno ake kiransa. Ga kuma Larabawan Shuwa da suka yi ƙarnuka a Borno da Cadi. Shi ya sa har gobe in ana son koɗa humra a Kano ko Kaduna sai a ce 'yar Maiduguri ce, ko 'yar Cadi.

Akwai wata 'yar shaida da ni ta fi burge ni, ko da yake masu turare ba ruwansu da ita. A Hausar Kano, m da ta rufe gaɓa kafin r ko n ta daɗe da narkewa ta koma u. Basakkwace na cewa amre, ɗamre, samrayi, zamna. Bakano ya ce aure, ɗaure, saurayi, zauna. Wani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya tsara wannan ƙa'ida a rubuce wajen 1928, har masu nazarin harshe ke kiranta da sunansa. Da humra ta shigo tun zamanin da wannan sauyi ke ci, da yau hura Kanawa ke cewa. Tunda ta tsira da m ɗinta, a ganina baƙuwa ce ta baya-bayan nan, ba sa'ar almiski da kanumfari ba, waɗanda suka tsufa a bakinmu har ba a jin baƙuncinsu.

Kafin in zo kan furannin 'yarki, ki lura da cewa aro iri biyu ne. Wani lokaci a ɗauko kalma da sautinta, kamar humra. Wani lokaci a bar sautin a can, a fassaro ma'anar. Farcen da kike soyawa ba farcen kowa ba ne, murfi ne da wani dodon koɗi na teku ke toshe bakin gidansa da shi, ana samo shi a Bahar Maliya da sauran gaɓar ƙasashen Larabawa. Don ya yi kama da farce Larabawa suka ce masa zufur, jam'i azfar, 'yan Sudan suka ce dufra, mu muka fassara kai tsaye. Tsohon kaya ne ƙwarai. A hadisin Ummu Aɗiyya an hana mai takaba turare, sai ɗan ƙusɗu (wata saiwa mai ƙamshi) da azfar da aka yi mata rangwame a kai in ta yi wankan tsarki. A Attaura ma, cikin kayan turaren wuta da aka lissafa a sura ta 30 ta Littafin Fitowa, tsohuwar fassarar Girkanci ta kira ɗayansu da kalmar da ke nufin farce a harshensu.

Potpourri ita ma fassararren aro ce, kuma wayar ba ta yi wa 'yarki ƙarya ba. Faransanci ce, ana furta ta kamar fofuri: pot tukunya, pourri ruɓaɓɓe. Sai dai a madafa aka haife ta, nesa da ɗakin ƙamshi. Mutanen Sifaniya suna da wani girki da suke kira olla podrida, tukunya guda a zuba mata nama iri-iri da wake da ganye a bar ta a kan wuta tun safe. Har yau ana yin sa a yankin Burgos. Dafa-dukarsu ke nan. Sebastian de Covarrubias, wanda ya wallafa ƙamusun Sifaniyanci a 1611, ya ce an kira ta ruɓaɓɓiya ne don ana dafa ta a hankali har kayan ciki su saki jiki su narke, irin abin da mu za mu ce ya dahu luguf. Akwai masu cewa asalin kalmar poderida ne, wato mai ƙarfi, abincin manya. Ni ban gamsu ba. Ya fi mini kama da kwaskwarimar da ake yi wa sunan da aka fara jin kunyarsa, irin wadda aka nemi ki yi wa humra.

Faransawa suka fassara sunan kalma da kalma a ƙarni na 16, a lokacin har yanzu abinci yake nufi, Ingilishi kuma ya karɓa daga gare su a farkon ƙarni na 17 da wannan ma'anar. Sai a ƙarni na 18 kalmar ta tashi daga murhu ta koma falo. Yadda suke haɗa shi a lokacin zai yi miki kama da gida. A tsinko furen wardi a bar shi ya ɗan yi laushi, ba a bari ya bushe ƙayau. A shimfiɗa a tulu, a barbaɗa gishiri, a sake shimfiɗawa, a sake barbaɗawa, a danne, a rufe. Ya yi makonni har ya yi duhu ya dunƙule kamar daddawa. Sannan a farfasa, a zuba kanumfari da kirfa da ɓawon lemo da abin da zai riƙe ƙamshi, a sake rufewa. Abin da ke fitowa ba shi da kyan gani ko kaɗan, shi ya sa ake ɓoye shi a tukwanen tangaran masu murfi mai huji-huji, ƙamshi ya fito, ido bai gani ba. Masana'antar tangaran ta Sèvres, kusa da Paris, ta yi wasu masu siffar jirgin ruwa wajen 1760, kuma Madame de Pompadour, farkar Sarki Louis na 15, tana cikin waɗanda suka mallake su. Ki ga yadda sunan miya ya sami sabon jiki ya zauna masa daram. Balarabe ya ce an rufe, Bafaranshe ya ce ya ruɓe, Bahaushe ya ce ya tsima, duk a bakin tulu ɗaya suke tsaye suna jira.

Daga baya kalmar ta sake yaɗo, aka riƙa kiran duk wani tarkacen abubuwa mabambanta da ita, musamman kiɗan da aka tsinto daga waƙoƙi daban-daban aka jera. A wannan ma'anar hatsin bara ne fassararta da Hausa, in kuma da zagi a ciki, haɗin gambiza. Shi kuwa ƙunshin da 'yarki ta sayo, yawancin irinsa busassun furanni ne da ɓawo da sassaƙen itace da aka rina aka fesa wa turare, bai taɓa kwana a tulu ba. Kafin wata biyu ya sheƙe. Suna kawai ya gada. Humrarki ta fi shi kusa da ma'anarsa.

Kada ma ki yi mamakin ganin wari a gindin ƙamshi, a sana'arku haka abin ya saba. Itacen ud mai tsadar nan, lafiyayyensa ba ya ƙamshi, sai cuta irin ta funfuna ta kama shi ya fitar da baƙin ƙaro yana kare kansa. Ambar daga cikin wata babbar dabbar teku yake fitowa, da ɗoyi, sai ya yi shekaru yana yawo a ruwa da rana kafin ya gyaru. Jibda kuwa, wadda Larabawa ke ce wa zabad, duk wanda ya san inda ake yasar ta a jikin dabbar ba zai so a tuna masa yana shafawa ba.

Yanzu ga inda nake ganin ya kamata hankalinki ya tsaya. Suna ba ya halatta abu, ba ya haramta shi. Gahawa da muke sha, a tsohon Larabci ƙahwa ɗaya ce daga sunayen giya, daga baya sunan ya koma kan abin sha na halal ba wanda ya ce a canza. Can kuma ga akasinsa: kalmar alkohol daga al-kuhl take, wato kwalli. Masu haɗa magunguna na Turai suka riƙa kiran duk wani gari mai laushi da ita, sannan duk wani abu da aka tace, har ta tsaya a kan ruwan da ake tatsowa daga giya. Ba mai cewa alkohol ya halatta don sunan kwalli ne da shi. In akwai abin tambaya a humra, to a ruwan turaren da ake zubawa yake. Matan Sudan sun daɗe suna ɗura turarukan Faransa irin su Rêve d'Or da Soir de Paris a humrarsu, kuma irin waɗannan da sifirit, wato alkohol, ake yin su. A nan malaman fiƙihu sun yi saɓani tun da daɗewa. Mafi yawa, har da mazhabarmu ta Malikiyya, sun ɗauki giya najasa ce. Rabi'a malamin Imam Malik da Laisu bin Sa'ad da Muzani sun ce shanta ne haram, jikinta ba najasa ba ne. Malaman zamani kuma sun sake rabuwa a kan sifirit ɗin turare, wanda ba don sha aka yi shi ba. Wannan fagen nasu ne. Ki je wa malamin da kika amince da shi da sunan abin da kike zubawa da yawansa, ba da sunan humra ba.

Damuwar ba sabuwa ba ce a kasuwa. Bint el Sudan, wanda iyayenmu ke ce wa Bintu Sudan, kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fito da shi a 1920, kuma mai ne zalla babu alkohol, wannan na cikin abin da ya sa ya karɓu a ƙasashen Musulmi har aka zo ana yin sa a Kano. Da ni ne ke, da na raba kayana biyu, ta mai da ta ruwan turare, in rubuta a jikin kowace kwalba, mai saye ta zaɓa da saninta. Wajen rubutun boko humra ta wadatar, haka muke furtawa, ba sai kin wahalar da kanki da kh ba. In kuwa za ki sa a rubuta miki da baƙaƙen Larabci, ki tsaya a kan mai rubutun ki tabbata ya ɗiga wa ha ruwanta, kada farar humrarki ta fita kasuwa da sunan ja.